Lafiyar Uwargida: Motsa Jiki Kaɗai Zai Rage Miki Ƙiba?

A wannan wata, wata 'yar'uwa mai 'ya'ya huɗu ce ta aiko da kukanta. Ta ce tun haihuwarta ta uku tumbi ya ƙi komawa, gwiwoyi sun fara ciwo har sujada tana yi mata wuya. Ta yi wata guda cur tana zagaye tsakar gida kullum, amma da ta hau sikeli sai ta ga babu abin da ya ragu. Shin ta haƙura ne?

Uwargida, kada ki haƙura. Amma bari mu zauna mu yi lissafi tukuna.

Duk abin da kika ci yana ba jikinki kuzari, ma'aunin wannan kuzari kuwa shi ake kira kalori. Jiki yana ƙona shi kamar yadda murhu ke cin itace, wajen numfashi, bugun zuciya, narkar da abinci da kai-komo. Abin da ya yi saura sai ya ajiye shi a matsayin kitse. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700.

To, mace mai nauyin kilo 70 idan ta yi tafiya da sauri ta minti 30, abin da za ta ƙona bai wuce kalori 140 zuwa 150 ba. Idan ta yi haka sau biyar a mako, ya kama 700 ke nan, wato sai ta yi kusan mako 11 kafin kilo ɗaya ya tafi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 kuwa tana da kalori kusan 140, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da 120. Kin ga idan kika gama zagayenki kika kora da lemo mai sanyi, kin mayar da abin da kika fitar a cikin minti biyu.

Saboda haka sai an haɗa biyu. Ki ci gaba da tafiyarki, ki bar kwalbar lemo ɗaya a rana, ki rage cokali ɗaya na mai a miyarki. Lissafin ya haura 2,500 a mako, kilo ɗaya a cikin mako uku ke nan, ba tare da kin zauna da yunwa ba. Daga baya saurin yakan ragu, wannan ba abin damuwa ba ne. Dama likitoci ba sa son raguwar ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Wata za ta ce, to in haka ne me ya sa zan wahalar da kaina? Domin amfanin motsa jiki ya wuce abin da sikeli yake nunawa. A 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan gyara cin abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo 6 ba. Haka kuma motsa jiki yana sassauta hawan jini, yana gyara barci, yana kuma taimakawa kada ƙibar ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako, ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu.

Ba sai kin fita waje ba. Iyayenmu da suke daka a turmi, suke jan guga, suke wanki da hannu, ba su san wannan matsala kamar mu ba. Yanzu ga inji, ga 'yar aiki, ga kallo. Ki zaɓi lokacin sanyi, bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ki zagaya tsakar gida ko ki yi tafiya a tsaye cikin ɗaki. Alamar kin kai saurin da ake so ita ce ki iya magana amma ki kasa rera waƙa. Idan minti 30 ya yi miki yawa, raba shi goma-goma sau uku. Ki ja maigida ma ku yi tare. Ya zo a hadisin Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta. Ashe ba abin kunya ba ne.

Ki kiyayi abubuwa uku. Ɗaure ciki da leda ko bel don a yi gumi ruwa kawai yake fitarwa, da kin sha ya dawo. Yawancin shayin rage ƙiba zawo yake sawa, ba ya taɓa kitse. Atisayen ciki kuma yana ƙarfafa tsoka, amma jiki ba ya zaɓar inda zai cire kitse. Maimakon sikeli kullum, ki auna ƙugunki da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, kusa da cibiya. Idan ya haura santimita 88, a tashi tsaye.

Mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, da mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, ku tuntuɓi likita kafin ku fara. Mai shayarwa kada ta matse cikinta, shayarwar kanta tana cin kalori kusan 500 a rana. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ta dakata nan take.

Jikin nan amana ne, kuma sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.