A Ba Rawarmu Haƙƙinta A Gaban Kyamara

Duk wanda ya saba bi ta Nyohini ya san tsohon rumbun simintin nan da aka gina zamanin Nkrumah, wanda bayan juyin mulkin 1966 aka bar wa jemagu. A 2021 Ibrahim Mahama, ɗan garin nan na Tamale, ya buɗe shi a matsayin gidan fasaha mai suna Nkrumah Volini, bayan cibiyar SCCA da ya buɗe a 2019. Yanzu samarinmu sun fara jin cewa a duniya ana haɗa fim da rawar zamani su zama aiki guda, har a nuna a irin waɗannan wurare. Muna murna da haka, to amma akwai gyara.

Jama'a, mu dubi yadda ake ɗaukar rawa a finafinanmu na Dagbanci da na Hausa. Saurayi da budurwa a gindin bishiya, kiɗan fiyano, ana juyi irin na Indiya. In ma an sa Takai ko Bamaya, ado ne kawai na minti ɗaya kafin a koma kan jarumi.

Alhali Takai rawar da'ira ce. Daɗinta yana wurin da maza za su juya, manyan riguna su buɗe kamar lema, sandunan ƙarfe su haɗu daidai da bugun ganga. Mai kyamarar da ya matso kan fuskar mutum ɗaya ya yanka rawar ke nan. Haka makaɗan lunsi: gangarsu magana take yi, tana kiran sunayen kakanni da kirarinsu. Wanda ya cire ta a kwamfuta ya ɗora wani sauti, ya cire wa rawar harshe, ko da kuwa hoton ya yi kyau.

Akwai kuma batun wa ke riƙe da kyamarar. A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki 'yan Hauka, 'yan ci-rani daga Nijar, a kusa da Ankara. Fim ɗin ya yi suna a Turai, amma 'yan Afirka da dama da suka gani ransu ya ɓaci. Yau waya na hannun kowa, ba mu da uzurin jiran baƙo.

Ba mu ce kada a taɓa rawar gargajiya ba. Matashin da ya koyi rawar zamani yana iya ɗauko girgizar ƙugun Bamaya ya gina sabon abu a kai, muddin ya fara zama da masu ita. Abin da muke roƙon masu shirya fim shi ne su sa mai rawa da makaɗi cikin shawara tun kafin a kunna kyamara, su rubuta sunayensu a ƙarshen fim, su kuma biya su kuɗin aiki kamar yadda ake biyan jarumi, ba kuɗin goro ba.