Kada a rufe fayif da siminti kafin a gwada shi

Bara mahaifina ya ƙara ɗakuna biyu da banɗaki a gidanmu nan Sabo, Ibadan, ya ɗora mini sayen kayan famfo. Na je kasuwa na zaɓo fayif ɗin roba mai sauƙin kuɗi, ina murna na rage wa Baba kashe kuɗi. Ashe siririn ne, irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki. Fulamba bai ce komai ba, ya shafa gam ya haɗa, birkila ya bi da filasta ranar nan.

Wata uku, bango ya jiƙe, fenti ya kumbura. Sai da aka fasa tayil.

Ra'ayina shi ne, laifinmu ya fi na fulamba. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun iya taya goro da shanu, amma fayif sai mu ce duk roba ce. Ba ɗaya ba ne. Ruwan da ke saukowa daga tanki yana son PVC mai kauri, ko koren nan PPR da ake haɗawa da injin zafi, wanda ke jure ruwan zafi. Na masai kuma inci 4, a ɗan karkata shi. Wanda ke waje a rufe shi, don rana na busar da PVC ya tsage.

Kuma don Allah, a cika tanki, a rufe famfuna, a bar ruwa ya kwana a layin kafin birkila ya taɓa bangon. Baba bai yi mini faɗa ba har yau, abin da ya fi damuna ke nan.