Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne

Bismillahi. Bayan haka, akwai wata al'ada da ta yaɗu a cikin birnin Kano, watau da zarar majiyyaci ya kasa cin abinci sai dangi su ce a yi masa ƙarin ruwa, in an rataya leda hankalinsu ya kwanta. Amma idan likita a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko a asibitin yara na Hasiya Bayero, ya ce a zura bututu ta hanci zuwa ciki don a riƙa ba shi madara ko kunu, sai wasu su ƙi, suna cewa alamar ajali ce.

Lalle ƙarin ruwa ni'ima ne. Tun 1832 wani likita, Thomas Latta, ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya a ƙasar Sikotilan, har yau kuwa da shi ake ceton wanda amai da gudawa suka tsotse. Amma fa maganin ƙishirwar jiki ne, ba ya kashe yunwa. Ledar ruwan sukari ta rabin lita, wadda aka fi sa wa mutane, sukarin cikinta giram 25 ne, kamar cokalin shayi 6. Da za a ciyar da magidanci da shi kaɗai, sai an ɗura masa leda wajen 20 a yini, jiki kuwa ba ya ɗaukar wannan. Akwai cikakken abinci na jijiya, wanda likitocin Amurka suka tabbatar a 1968, sai dai yana da tsada ainun, kuma na wanda hanjinsa ya daina aiki ne.

Hatsarin ya fi girma ga yara masu tamowa. A wata 6 na farkon 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙirga yara 652 da tamowa ta kashe a wuraren jinyarta a Jihar Katsina. Irin wannan yaro zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ruwan jijiya yana iya yi mata yawa har ta tsaya. Shi ya sa ake ba shi madarar magani kaɗan-kaɗan, ta baki ko ta bututu.

Saboda haka wanda aka ba amanar jinya kada ya hana bututu don tsoro. Rai a hannun Allah yake, amma ciyar da majiyyaci hakki ne a wuyan mai jinya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.