Amsar Wasiƙu: A Kan Awon Jini Na Garkuwar Jiki

Jama'a, wasiƙu sun yi yawa a kan magana guda, don haka na ga gara in haɗa su in amsa gaba ɗaya. Masu rubutowa suna cewa an ɗebi jininsu a asibiti, an ba su takarda mai lambobi, suna so in gaya musu ko garkuwar jikinsu tana da ƙarfi. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, akwai waɗansu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu kamar na maƙera ne. Sai su ƙera abin da likitoci ke kira antibodi, mu kuwa bari mu ce musu kiban jini. Abin mamaki, kowace kibiya cutarta guda ce: ta ƙyanda ba ta kama mashaƙo, ta mashaƙo ba ruwanta da taifod. Wani Bajamushe, Behring, da wani mutumin Japan, Kitasato, su suka nuna aikinsu a Berlin cikin 1890, sa'ad da suka ɗebi ruwan jinin dabbar da ta sami kariya daga cutar sarƙewar haƙora suka zuba wa wata, ita ma ta tsira. Ke nan in an auna kibau, tambaya guda ake yi wa jini: ka taɓa gamuwa da wannan cuta, ko da allurar rigakafinta?

Mu ɗauki awon da ya fi kowane shiga gidajenmu, watau na Widal, wanda wani likita Bafaranshe mai wannan suna ya fito da shi cikin 1896 don zazzaɓin taifod. Lambobin nan da kuke gani, 1 bisa 80 ko 1 bisa 160, ma'anarsu an yi ta surka ruwan jinin har ninki tamanin ko ɗari da sittin, amma kiban ba su daina kama ƙwayar cutar ba. Sai dai fa ga inda gizo ke saƙa. A ƙasar da ruwan sha bai da tsabta, mutane da yawa sun taɓa gamuwa da ƙwayar nan ko danginta tun suna yara, kibansu na nan cikin jini alhali lafiyarsu lau. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan ruɗa awon. A farkon ciwo kuma, sati na fari, mai taifod na gaske yana iya zuwa a auna ba a ga kome ba, don maƙeran ba su gama ƙira ba tukuna. Ka'idarsa ita ce a auna sau biyu, tsakani kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka huɗu. Wa ke yin haka? Awon da ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ƙwayar ta tsiro. Ni a ganina, wanda ya tafi kemis ya sayi maganin taifod bisa awo guda, ya ɓata kuɗinsa, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, watakila kuma ciwon da ke cinsa na nan ba a taɓa shi ba.

Amma kada wani ya ce na kushe awon duka. Akwai inda yake da amfani ƙwarai, shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, wanda kuma Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin alluran jarirai tun 2004. Babba allura uku ake yi masa, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Bayan ta ƙarshe da wata ɗaya ko biyu, in an auna kiban aka sami 10 ko fiye bisa ma'aunin da likitocin duniya suka yarda da shi, allura ta kama. Ba kowa ke bukatar wannan ba. Masu bukatarsa su ne ma'aikatan asibiti da ungozomomi, da miji ko matar mai ɗauke da cutar, da masu wankin ƙoda, da jaririn da uwarsa ke da ita. Wanda aka taɓa tabbatar masa ta kama, in bayan shekaru lambar ta sauka, mai lafiya kada ya firgita. Kwari ne ya yi sauƙi, maƙeran ba su manta ƙirar ba.

A nan ina roƙonku ku lura, don wannan ya sha tayar da hankali gab da ɗaurin aure. Awo biyu ne masu kama da juna a suna. Ɗaya ɓawon ƙwayar cutar kanta yake nema, in an same shi mutum na ɗauke da ita. Ɗayan kibau yake nema, in su kaɗai aka samu, albishir ne. Kada a fasa magana kafin likita ya karanta takardar.

Saura masu tambayar ƙarfin garkuwa gaba ɗaya. Akwai awon jimlar kibau, babban nau'insu a jinin baligi yakan kai wajen giram 7 zuwa 16 a lita. Ana yinsa ga wanda ciwon huhu ko mugunyar kunne ke dawo masa a kai a kai, kamar yaron nan da likita Bruton ya ba da labarinsa a Amurka cikin 1952, wanda jikinsa ba ya ƙera su. Yawansu kuwa ba ƙarfi ba ne: tsohon ciwo na ɗaga su, haka wata sankara ta ɓargo. Awon kuma bai ƙidaya fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da kansu ba.

Duk mai rubuto mini nan gaba, ya faɗi sunan awon, da abin da ya sa aka yi, da kwana nawa ya yi yana ciwo kafin a ɗebi jinin. Haza wasalam.