Tuwon dare ba aikin mutum ɗaya ba ne

Tsakanin la'asar sakaliya da isha'i ne lokacin da ya fi kowane wuya a gidan da ke da ƙananan yara. Malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai harkar atamfa a Kantin Kwari, ta taso daga aiki, ta sha cunkoson hanya a cikin adaidaita sahu, ta iso gida da goyo a baya. Yara sun dawo daga Islamiyya da yunwa, akwai wanka, akwai aikin da malami ya ba su, ga magariba ta kawo jiki. A cikin wannan 'yar tazara ake so a kai markaɗe, a haɗa miya, a yi talge, a tuƙa tuwo, a kwashe. Ɗan shekara uku kuwa bai san jira ba. In abinci bai sauka da wuri ba barci zai kwashe shi, ya kwana da biskit a ciki.

Wannan giɓin ne Indomie ta samu ta shige. Tun a shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota da ke jihar Ogun, daga baya aka kafa masana'anta a Kaduna, yau kuma da wuya a sami teburin mai shayin da babu ita. Minti biyar ta dahu, ba ta cin gas, yara na son ta. Duk uwar da ta taɓa tsayawa a kicin da yaro riƙe da zaninta yana kuka ta san dalilin da ya sa ake kai mata hannu. Matsalar tana farawa ne idan abin da aka tanada don ranar uzuri ya zama abincin kowane dare. Taliya ce ta fulawa da mai, ƙunshin ɗanɗanon da ke cikinta kuma gishiri ne ya fi yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, yaro kuwa ƙasa da haka.

Da zarar an taso da wannan magana a majalisa, hukunci a shirye yake: matan yanzu ragwaye ne, waya ta ɗauke musu hankali, iyayenmu da itace suka yi girki ba su taɓa kokawa ba. Mai faɗin haka ya manta da yadda gidan da ya tashi yake. A babban gida irin na da, girki kwana-kwana ne. Mai girki na tuƙi, wata na surfe, 'yan mata na ɗebo ruwa da wanke-wanke, yara maza na zuwa kai niƙa, kaka na riƙe da jariri a gindin bishiya. Tukunya ɗaya, hannaye da yawa. Ko a wancan zamani ma ba kowane abinci ake dafawa a gida ba. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda mata ke sana'ar abinci daga cikin gidajensu, yara na kai talla, maƙwabta na saye. Ƙosai da fura da ɗan wake na saye sun daɗe suna rufa wa gidaje asiri.

Yau ma'aurata sun koma ciki da falo a Sheka ko Rigasa ko Hotoro, su kaɗai da 'ya'yansu. Aikin da mutum biyar ke rabawa ya taru a kan mace guda, sau da yawa macen da ita ma ta wuni a wurin nema saboda albashi ɗaya ba ya riƙe gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a kicin ana so ya ɗauka, kuma kullum.

Ga tsada a kai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin sufuri ya ja farashin komai sama, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alhali kafin shekarar ta ƙare cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya wuce naira 15,000. Gidaje da dama sun koma gawayi da itace. Wannan ya ƙara lokacin girki, ya kuma kawo hayaƙi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jaririn da ke goye a bayan mai hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

Abin da ya sa maganar abincin dare ta wuce batun daɗin baki shi ne halin da yaranmu ke ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Talauci ne babban dalili, babu musu, amma har a gidajen da ke da rufin asiri ana samun yaron da ya ƙoshi da cika ciki kawai. Ma'aunin da masana ke amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa 23 shi ne ya ci aƙalla rukuni 5 daga cikin rukunonin abinci 8 a yini: nonon uwa, hatsi da dangin rogo da dankali, wake da gyaɗa, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A irin su karas, kabewa, mangwaro da ganyaye, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. A gwada wannan ma'auni da abincin Bahaushe a gani. Tuwon masara da miyar taushe mai kabewa, alayyahu, gyaɗa da ɗan busasshen kifi ya tattaro rukuni huɗu a kwano ɗaya. In yaron na shan nono, ya cike biyar. Garau-garau da aka yanka wa tumatir da albasa aka ɗora dafaffen ƙwai, shi ma huɗu ne.

Shawarar da ake yawan ji daga masu koyar da girki ita ce a dafa abincin mako a ranar hutu a zuba a firiza. Shawara ce mai kyau a inda wuta ke zama. Mutanen Arewa ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa jihohi da dama cikin duhu na fiye da mako guda, nama da miya suka lalace a gidaje. Ga mafi yawan iyalai, dabarar da ta fi aiki tana nan a cikin kicin ɗin kakanni, waɗanda da rana suke adana abinci. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, busasshen zogale, daddawa, ƙuli-ƙuli, dakakken yaji, duk ba sa neman lantarki. Miyar kuka, in an daka kayanta tun da wuri, ba ta kai rabin awa. Ɗan wake, in garin rogo da wake da kuka a haɗe yake a mazubi, kwaɓawa ce da jefawa a tafasasshen ruwa. Kwaɗon zogale da faten tsaki ma ba sa ɓata lokaci. Lokacin kakar tumatir, sa'ad da kwando ke araha a Kwanar Gafan da 'Yankaba, shi ne lokacin yanka da shanya.

Wake kuwa, in aka jiƙa shi da safe kafin a fita, da yamma zai nuna da sauri, gas ya ragu. Tukunyar shinkafa ko wake da ta tafasa sosai, in aka sauke aka naɗe da bargo mai kauri, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Sai dai a kula da ɗumame: abincin da ya kwana a zafafa shi har ya yi turiri ciki da waje kafin a ba yaro, wanda ya canza wari kuma a haƙura da shi.

Amma duk waɗannan dabaru ba za su yi tasiri ba in ba a taɓo maigida ba. A gidaje da yawa abin da ke jinkirta tuwon dare ba mai tuƙi ba ce, cefane ne. Mutum zai fita da safe bai bar komai ba, sai bayan la'asar ya aiko yaro da ledar kayan miya, ko ya shigo da ita da kansa daf da magariba, sannan da isha'i ya tambayi abin da ya hana a gama abinci. Mai albashin wata na iya sayen hatsi, mai, wake da kayan busasshe a dunƙule, wanda ya fi araha a kan sayen gwangwani-gwangwani. Mai neman na yau da gobe, wanda sai ya fita ya samo, na iya mayar da tsarin ya zama cefanen gobe ake shigowa da shi yau da dare. Wannan canjin kaɗai na ba uwargida damar gyara kayan miya da jiƙa wake tun da asuba.

Sannan akwai awa ɗayan nan ta tsakanin magariba da isha'i, wadda maza da yawa ke ƙarar da ita a kan benci a ƙofar gida. Ba wanda ya ce zumuncin majalisa laifi ne. Amma uban da ya karɓi jariri, ya yi wa na tsakiya wanka, ya zauna da babban a kan aikin makaranta, ya rage wa mai girki rabin wahalarta ko da bai taɓa muciya ba. In ma ya taɓa, babu abin kunya. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, masu dafa shinkafar biki a manyan tukwane galibi maza ne, kuma ba a taɓa jin an raina su ba. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa an tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (SAW) ke yi a gida, ta bayyana cewa yana taya iyalinsa hidima, in lokacin salla ya yi ya fita. Malamai na karanta wannan hadisi a wurin wa'azi, ya kamata a riƙa ganin aikinsa a tsakar gida.

Yara ma suna da rabonsu, kuma a nan ne iyaye ke yawan yin kuskuren ware 'ya mace ita kaɗai. Ɗan shekara biyar na iya tsince wake da shimfiɗa tabarma, ɗan shekara takwas na iya ɓare albasa da ɗauraye kwanuka, ko namiji ne ko mace. Yaron da ya sa hannu a gyaran zogale ya fi saurin yarda ya ci shi.

Masu ɗaukar ma'aikata da gwamnatoci na da abin yi. Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza da aka yi wa haihuwa a 2021. Matakai ne masu amfani, amma iyaye mata da yawa a Arewa a makarantun kuɗi, asibitoci masu zaman kansu, shaguna da kasuwanni suke aiki, inda waɗannan dokoki ba su kai ba. Makarantar kuɗin da ke riƙe malama har ƙarfe biyar don darasin ƙari za ta iya tsara shi karɓa-karɓa tsakanin malamai, yadda mai shayarwa za ta riƙa tashi da wuri wasu ranaku na mako. Asibitin da ke raba aikin dare zai iya fitar da jadawalin wata tun kafin watan ya kama, domin ma'aikaciyar jinya da mijinta su san daren da shi ne zai dafa wa yara ɗan wake.