Kada Mu Jira Sai Yaro Ya Kai Bakwai: Haƙƙin Yara Masu Galahanga a Kanmu

A gidaje da yawa labarin hanya ɗaya yake bi. Yaro ya cika shekara biyu, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya nuna wa uwarsa abin da ya gani da yatsa, ba ya haɗa ido da mai yi masa wasa. Yana iya wuni yana jera marafan kwalba, idan an taɓa ɗaya ya ɓarke da kukan da ba ya jin lallashi. Da zarar an tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa. Kakarsa ta ce nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya girma ya yi magana. Idan ya kai huɗu sai zance ya koma kan iska da sammu, a shiga yawon neman rubutu da hayaƙi. Idan ya kai bakwai, shekarun da Shari'a ta ce a fara umartarsa da salla, a kai shi Islamiyya, malam ya gwada mako biyu ya mayar da shi gida. A nan ne wani zai ce a gwada asibiti. Shekara biyar sun wuce ke nan, kuma su ne shekarun da taimako ya fi tasiri a cikinsu.

Wannan lalura ita ce likitoci ke kira otizim. Kafafen yaɗa labaranmu sukan ce galahanga, kodayake a bakin jama'a kalmar takan haɗa yara masu lalurori daban-daban. Yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki, yana bayyana a mu'amala da mutane, da magana, da maimaita abu guda, da tsananin jin ƙara ko haske ko taɓawa. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya siffanta shi a Amurka a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, kuma an fi gano shi a maza. A Amurka, inda ake bincike sosai, rahoton hukumar yaƙi da cututtuka na 2023 ya ce 1 cikin 36. Duk limamin da ke jan sahu goma ranar Juma'a, to ya ɗauka akwai iyayen irin waɗannan yara a bayansa. Kuma yaran ba ɗaya suke ba: akwai wanda ba zai taɓa furta kalma ba, akwai wanda zai haddace Alƙur'ani ya kammala jami'a, sai dai zama cikin taro yana yi masa nauyi.

Dalilin da ya sa muke matsa wa batun lokaci shi ne yadda Allah Ya tsara halittar ɗan Adam. Kafin yaro ya cika shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma a waɗannan shekaru ne hanyoyin harshe da mu'amala suke kafuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai koyi kallon fuska ba, ba zai kwaikwayi motsin baki ba; wanda bai kwaikwaya ba, kalma za ta yi masa wuya; wanda ba shi da hanyar faɗin cewa yunwa yake ji ko haƙori ke masa ciwo, da ihu da cizo da buga kai zai faɗa. Yawancin abin da muke kira taurin kai ko tashin aljanu a wurin waɗannan yara, magana ce da ta rasa ƙofar fita. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a duba kowane yaro yana da wata 18, a sake dubawa a wata 24.

Za a ce mana wannan zance ne na ƙasashen da ke da ƙwararru a kowace unguwa. Akwai gaskiya a ciki, domin masu koyar da magana da likitocin ƙwaƙwalwar yara sun yi ƙaranci a Arewa, kuma 'yan cibiyoyin kuɗi da ake da su sun fi ƙarfin talaka. Amma akwai abin da ya kamata mu sani. A Ingila an gudanar da wani gwaji kan yara 152 masu shekara biyu zuwa huɗu, aka wallafa sakamakonsa a mujallar Lancet a 2010. Iyaye aka horar, ba a ɗora nauyin duka kan asibiti ba: ana ɗaukar hoton bidiyo na uwa tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a nuna mata wuraren da yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba ta lura ba. Da aka waiwayi yaran bayan kimanin shekara shida, rahoton 2016 ya nuna tsananin alamomin ya ragu a wurin waɗanda aka horar da iyayensu. An kuma sauƙaƙa wannan tsari aka gwada shi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gari, waɗanda ba ƙwararru ba, suka koyar da iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu renon yara da aka tsara don ƙasashe irin namu. Abin da ya yiwu a Rawalpindi ba mu ga abin da zai hana shi yiwuwa a Gusau ko Maraɗi ba.

Horon kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Uwa ta durƙusa daidai tsawon yaron, ta shiga wasan da ya zaɓa maimakon ta tilasta masa nata, ta riƙe kofin ruwa ta ɗan jira ya kalle ta ko ya miƙa hannu kafin ta ba shi, ta ambaci sunan abu da kalma ɗaya ta maimaita. Wanda bai fara magana ba a koya masa nuna hoto. A daidaita lokutan cin abinci da wanka da barci, domin sauyi na ba-zata yana firgita su. Mu faɗi gaskiya kuma: wannan ba ya kawar da lalurar. Har yau ba a san wani ƙwaya ko jiƙo ko allura da ke warkar da otizim ba, kuma duk wanda ya ce zai warkar da shi cikin kwana arba'in, da farar riga ya zo ko da rawani, kuɗin iyaye yake nema. Abin da horon ke yi shi ne ya buɗe wa yaro hanyar faɗin buƙatarsa, ya koyi shiga bayan gida da sa tufafi, ya iya zama a aji.

Ta fuskar addini ba mu da uzurin jinkiri. Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, kuma koyar da yaro magana da kula da kansa yana cikin tarbiyyar da aka ɗora wa waliyyinsa. Malaman Malikiyya sun tabbatar, kamar yadda yake a Risala, cewa ciyar da ɗa namiji ba ta sauka daga wuyan uba da balaga idan ɗan yana da lalurar da ta hana shi neman na kansa. Uban da zai ɗauki wannan nauyi tsawon rayuwa, ai shi ya fi kowa cancantar ya kashe abin da zai iya tun yaron yana ƙarami. Mu kuma kiyaye gaggawar cewa an ɗauke wa kowane mai galahanga alƙalami. Hukunci yana rataye ne da hankali, kuma da yawansu hankalinsu cikakke ne. Wanda aka yanke masa hukuncin hauka tun yana ɗan shekara uku, aka daina koya masa alwala da Fatiha, an zalunce shi ta ɓangaren duniyarsa da na addininsa.

Ba mu musun ruƙya. Karanta wa yaro Alƙur'ani da addu'o'in tsari sunna ce, kuma iyaye su dage da ita dare da rana. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da ita dalilin ƙin zuwa asibiti, ko a danne ƙaramin yaro a yi masa ihu a kunne, a turnuƙe shi da hayaƙi, a zane shi da sunan aljani ake duka. Yaron da ƙarar injin markaɗe ke gigita shi, me ake zaton lasifika a kunnensa za ta yi masa? Tabbas zai yi ihu ya birgima, sai a ce ga aljanin ya bayyana. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa. Sahihu Muslim ya kawo labarin wata mata da ke da matsala a hankalinta, ta ce tana da buƙata wurin Annabi (SAW), sai ya bar mata zaɓin wurin da za su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama. Da wannan za mu auna kanmu.

Akwai kuma zaluncin da ake yi wa iyaye mata. A wani gida uwa ake tuhuma da sakaci, a wani kishiya ake tuhuma da asiri, a wasu ƙauyuka har yanzu ana raɗa cewa ɗan ruwa ne. Aure nawa ya mutu a kan wannan? Turawa ma sun taɓa faɗawa cikin irin wannan kuskure, suka shafe shekaru suna cewa rashin ƙaunar uwa ne ke jawo lalurar, har bincike ya rushe zancen ya nuna gado na da babban kaso a ciki, kuma gado ta ɓangarorin biyu yake zuwa. Haka zancen allurar rigakafi: rahoton 1998 da ya danganta ta da otizim, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya jawo, bai kamata a sake sayar mana da wannan tsoro ba.

Saura namu, mu masu mumbari. Tarihi ya ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya sanya wa guragu masu hidima daga baitulmali. Iyalin da kuɗin horon ɗansu ya gagare su mabuƙata ne, zakka ta halatta gare su, kuma muna kira ga hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato su ware kaso don horar da iyaye da malaman Islamiyya. Ajujuwan Islamiyyunmu a rufe suke da safe a wurare da yawa. Aji ɗaya da ma'aikaciyar lafiya ɗaya da aka horar sun isa a fara zama da iyaye mata sau ɗaya a mako. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi, don haka makarantar da ta kori yaro saboda lalurarsa tana da tambayar amsawa tun a duniya. Uban da ya zo masallaci da ɗansa mai kaɗa hannuwa da gunaguni, a ba shi gefen sahu kusa da ƙofa, a daina harararsa.

Ga iyaye kuwa, alamomin da za a lura da su kaɗan ne. Idan yaro ya shekara ba ya gwaranci kuma ba ya waiwayar sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa kuma ba shi da kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana sannan ta ɓace, to a kai shi wurin likitan yara. A nemi a fara gwada jinsa, domin sanƙarau da shawarar jarirai kan kurmantar da yaro ba a sani ba, a kuma faɗa wa likita idan yana suma ko ƙamewa, saboda farfaɗiya takan haɗu da wannan lalura kuma ita tana da magani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware wurare ne da za a iya neman a tura yaro. Ko da layi ya yi tsawo kafin a ga likita, wasan durƙuso da jiran kallon ido ana iya fara su a tsakar gida tun yau.