Dogaye Biyar Ba Su Cin Kofi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, don in amsa wa wani malamin makaranta na ƙasar Roni, wanda ya aiko mini da takarda yana kuka. Ya ce shekara biyu ke nan yana koya wa yaransa ƙwallon kwando. Ya bi aji aji ya tsamo dogaye biyar, in sun jeru a fili sai ka ce giginyu. Duk wasan sada zumunta da suka yi da makarantun Gwiwa da Babura su suka ci. Amma da aka zo wasan kofi a Kazaure, inda wanda aka kayar sau ɗaya sai gida, waɗansu 'yan gajeru suka fid da su. Yana tambayata wai ko sammu aka yi musu.

Malam, ba sammu. Wasan zumunci daban, wasan kofi daban. A wasan zumunci abokin karawarka baƙonka ne, kafin ya gane inda ƙarfinka ya ke an tashi. A wasan kofi kuwa ya riga ya zauna a bakin fili ya kalle ka, ya san wanda ke jefa ƙwallo, ya san wanda hannunsa ke rawa. In dabararka ɗaya ce tak, ita zai toshe, ya bar ka da tsawonka.

Bari in kai ka Amurka, inda wannan wasa ya zama sana'a. A babbar gasarsu da a ke kira NBA kowace ƙungiya tana yin wasa 82 a shekara, sa'an nan a tsame 16 su shiga neman kofi. A nan ƙungiya biyu za su yi ta karawa da juna har ɗaya ta ci sau huɗu. Ka ga kuwa wanda kuka kara da shi sau biyar ko shida cikin mako biyu ya san ka kamar yunwar cikinsa.

To, akwai wani ɗan ƙasarmu, Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, wanda ya yi wa ƙungiyar Houston Rockets wasa. Tsawonsa ya kai wajen ƙafa bakwai. Mai koyar da su, Rudy Tomjanovich, bai ce sai ya nemo masa dogaye huɗu irinsa ba. Sai ya tsai da shi kusa da kwando, ya kewaye shi da mutanen da suka iya jifa daga nesa, daga bayan layin nan da in ƙwallo ta shiga a ke ba da maki uku: su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie da Sam Cassell. Duba yadda abin ke aiki. In aka sa mutum ɗaya ya tsare Olajuwon, ya fi ƙarfinsa. In aka sa biyu, to an bar wani a waje ba mai tsaronsa, sai ya miƙa masa ƙwallo ya jefa. Gaba kura, baya sayaki. Da haka suka ci kofi a 1994, bayan sun yi wasa bakwai da New York Knicks.

Shekarar da ta biyo baya ita ce abin lura. Al'amari ya yi musu tsami, har cikin watan Fabrairu na 1995 suka ba da Otis Thorpe, ƙaƙƙarfan mutum mai tsinto ƙwallo a gindin kwando, suka karɓo Clyde Drexler daga Portland, wanda bai kai shi tsawo ba, amma gwanin gudu da kutsawa, kuma abokin wasan Olajuwon ne tun suna jami'a. Mutane da yawa suka ce an yi asara. A wannan watan ne kuwa, ga azumin Ramadan a bakinsa, aka zaɓi Olajuwon gwanin wata na gasar duka. Na faɗi wannan don malamanmu masu cewa wasa da ibada ba su haɗuwa.

Suka gama shekara da cin wasa 47 kaɗai, su ne na shida a yankinsu. Amma da aka shiga neman kofi suka fid da Utah mai 60, da Phoenix mai 59, da San Antonio mai 62. A ƙarshe suka gamu da Orlando, inda ƙaton nan Shaquille O'Neal ya ke, suka ci su huɗu ba ko ɗaya. A karon farko Kenny Smith ya jefa mai maki uku har bakwai, Olajuwon kuma ya taɓa ta ƙarshe ta faɗa kwando. Kowa ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Kada kuma ka ce to ashe jifa daga nesa shi ne magani. A Yuli 2021 'yan wasan Nijeriya suka ka da Amurka da maki 90 da 87 a Las Vegas, da jifa mai maki uku har 20. Muka yi ta murna. Da aka je Tokyo wasan Olamfik, makonni kaɗan bayan haka, wasa uku suka yi, duka aka ci su. Hannu yana da ranarsa. Ran da ya ƙi, sai wanda ya iya tsaro kuma ya ke da wata hanya ta biyu.

Mu dawo gida. Kano Pillars ta ƙwallon kwando, nan kusa da mu, ta ci kofin Nijeriya a 2013 da 2014 da 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Ni a ganina babban jarinta shi ne daɗewa tare. Mai koyarwa Sani Ahmed da ɗan wasa Abubakar Usman sun shekara da shekaru a wannan ƙungiya, kuma waɗanda suka daɗe tare ba su bukatar kiran juna kafin su miƙa ƙwallo. Rivers Hoopers ta Fatakwal kuwa ta bi wata hanya. A 2021 tun zagayen farko aka fid da ita daga gasar BAL ta Afirka. A 2024 ta samo Will Perry mai rarraba ƙwallo, ta haɗa shi da Kelvin Amayo da Devine Eke, ta zo ta uku a Kigali, aka kuma zaɓi mai koyar da ita, Ogoh Odaudu, gwanin shekara. Ta duba gurbin da ya ke fanko ta cike shi, ba ta tara suna don suna ba.

Ai mu ma mun san wannan tun muna yara a dandali. Wa ya taɓa shirya langa ya ce kowa ruwa ne? Ruwa ɗaya ne, sauran aikinsu su tare masa hanya har ya sha. In duk suka ruga neman sha, ba mai kai wa.

Saboda haka, Malam, ga shawarata. Cikin dogayen nan naka ka bar biyu a fili, uku su zauna a benci, za ka bukace su, gama wanda ya yi laifi biyar fita ya ke yi, kuma minti 40 ba wasa ba ne ga yaro. Ka koma ajin nan da ka tsallake, ka nemo ɗan gajeren da ba a iya ƙwace ƙwallo a hannunsa, shi zai riƙa kawo ta daga baya. Ka nemo biyu masu saitin hannu, irin waɗanda ba su kuskuren kurciya da danƙo, ka sa su jifa ɗari ɗari kowace yamma. Rabin lokacin koyo kuma ka ba tsaro, ko da yara za su yi gunaguni, don na sani ba wanda ke son aikin da ba a tafa masa. Iyayen ukun da za ka zaunar za su zo maka da magana. Ka tarye su da haƙuri, ka gayyace su Kazaure ran wasan kofi na baɗi.

Ina kuma roƙon malaman Babura da Gwiwa da suka kara da waɗannan yara su rubuto mana abin da suka gani, mu ji ta bakinsu. Haza wasalam.

Naku,
Mai Lura, Kazaure.